Matsin Rai da Lafiyar Ƙwaƙwalwa Tsakanin Matasa Masu Koyon Sana'ar Rawa

A shekarar 2020 wani gajeren hoton bidiyo ya zagaya duniya. Wani yaro ne ɗan shekara 11 mai suna Anthony Madu, yana juyi da tsalle babu takalmi a kan daɓen siminti a wata unguwa ta Legas, ruwan sama yana zuba a kansa. Irin rawar da yake yi ita ce wadda Turawa ke kira bale. A shekarar 2021 ya sami gurbin karatu a makarantar Elmhurst da ke birnin Bamingham na ƙasar Ingila, inda ake horar da yara su zama ƙwararrun 'yan rawa. Jama'a sun taya shi murna, kuma ya cancanci haka. Sai dai kaɗan ne suka tsaya suka tambayi irin rayuwar da ke jiran yaro a irin wannan makaranta. Wannan tambaya ce za mu duba a wannan maƙala, ta fuskar kimiyyar jiki da ta halayyar ɗan Adam.

Mai karatu da ya saba ganin rawar koroso a dandali, ko rawar kalangu a gidan biki, zai yi mamakin jin cewa akwai ƙasashen da ake shiga makarantar kwana domin rawa kawai. A can sana'a ce ta sosai, mai jarrabawa da takardar shaida da albashi. Makarantar rawa ta gidan Opera na birnin Faris an kafa ta tun 1713. Ta birnin San Fitasbag na Rasha, wadda a yau ake kira da sunan Vaganova, ta fara a 1738. A Ingila kuwa akwai Royal Ballet School, wadda Ninette de Valois ta assasa a 1926. Ƙananan ɗalibanta suna zaune a wani tsohon gidan sarauta mai suna White Lodge a gefen Landan.

Yadda rayuwar take

Yaro yakan shiga yana da shekara 10 ko 11, bayan an tace shi daga cikin ɗimbin masu nema. Masu zaɓe suna duban tsawon ƙafafunsa, da lanƙwasar tafin ƙafa, da yadda ƙugunsa ke iya juyawa waje. Daga nan sai a raba masa yini biyu: wani sashe na darussan boko kamar kowane ɗalibi, wani sashe na rawa, sa'o'i da yawa kowace rana, sau da yawa har da Asabar. Ɗakin koyon rawa fili ne mai daɓen katako, da sanda a jikin bango wadda ake dafawa, da madubi daga ƙasa har sama. Tufafin da ake sawa masu kama jiki ne, domin malami ya ga motsin kowace tsoka. 'Yan mata kuma, da sun kai kimanin shekara 11 ko 12, sai su fara tsayawa a kan 'yan yatsun ƙafa cikin wani takalmi mai taurin baki.

A yawancin makarantun akan auna ɗalibai lokaci lokaci, kuma wanda aka ga bai kai ba sai a sallame shi. Wanda ya kai ƙarshe ma ba shi da tabbacin aiki, domin kamfanonin rawa ba su da yawa, guraben da suke buɗewa a shekara kuma 'yan kaɗan ne. Wanda ya dace ya samu, yawanci kafin ya cika shekara 40 ya yi ritaya. Ɗalibin da ya taɓa zaman jiran sakamakon jarrabawar fita sakandare ya san ɗanɗanon wannan fargaba. Bambancin shi ne, ɗan makarantar rawa yana zaune cikinta shekara bakwai ko takwas, kuma abin da ake yi wa maki jikinsa ne.

Mene ne matsin rai?

Kalmar da masana ke amfani da ita a Turance an aro ta ne daga ilimin injiniya, inda take nufin nauyin da ake ɗora wa ƙarfe ko katako. Mu a nan za mu kira abin matsin rai. Wanda ya shahara da bincike a kansa shi ne Hans Selye, wani likita haifaffen birnin Biyana da ya yi aiki a Jami'ar McGill ta ƙasar Kanada. A 1936 ya wallafa abin da ya gani a jikin ɓeraye. Ko da sanyi ya gana musu azaba, ko da rauni, ko da allurar guba, ko da gudu fiye da kima, canjin da ke bayyana a jikinsu iri ɗaya ne: wasu 'yan ƙananan gaɓoɓi biyu da ke zaune a saman ƙoda, waɗanda ake kira adirenal, sai su kumbura, gaɓoɓin garkuwar jiki su motse, gyambo ya fito a ciki. Ya ce jiki yana bin matakai uku, wato firgita, sannan jurewa, sannan ƙarewar ƙarfi idan abin ya ƙi wucewa.

A yau an san yadda abin ke gudana dalla dalla. Idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, saƙo biyu take aikawa. Na farko ta jijiyoyi yake bi, kuma cikin daƙiƙoƙi adirenal za su saki sinadarin adirenalin: zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe. Na biyu ya fi jinkiri. Wani sashe na ƙasan ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamus yana tura sinadari zuwa ga fituwitari, ita kuma ta tura nata cikin jini zuwa adirenal, su kuma su saki kotisol. Aikin kotisol shi ne ya ƙara sukari a jini, ya kuma dakatar da ayyukan da za su iya jira, kamar girma da gyaran tsoka da haihuwa.

Wannan tsari ba cuta ba ne. Shi ne ke ba ɗan rawa kuzari kafin a ɗaga labule, shi ne kuma ke sa ɗalibi ya natsu a ɗakin jarrabawa. Illa tana zuwa ne idan aka kunna shi aka ƙi kashewa. Kotisol na da lokacinsa: yana hawa da safe, ya sauka da dare domin a yi barci. Idan matsi ya daɗe, wannan tsari yakan rikice, barci ya lalace, garkuwar jiki ta yi rauni, tunani ya kasa tsayawa wuri ɗaya.

Idon jama'a

Wane irin abu ne ya fi tayar da kotisol a jikin mutum? A 2004 wasu masana biyu na Amurka, Sally Dickerson da Margaret Kemeny, suka tattara gwaje-gwaje 208 da aka yi a ɗakunan bincike suka auna su. Suka gano abubuwa biyu ne suka fi tasiri: mutum ya ji ana kallonsa ana yanke masa hukunci, da kuma ya ji ba shi da iko a kan sakamakon. Idan biyun suka haɗu, kotisol ya fi hawa, ya kuma fi daɗewa bai sauka ba.

Da an ce a zana wurin da ya haɗa waɗannan biyun, da wuya a zana wanda ya fi ɗakin koyon rawa. An kuwa gwada a kan 'yan rawa kai tsaye. Nicolas Rohleder da abokan aikinsa a Jamus sun wallafa wani bincike a 2007 a kan masu gasar rawar da ake yi biyu biyu, mace da namiji. Sun riƙa karɓar yawunsu suna auna kotisol a ranar gasa da kuma ranar da ba gasa. A ranar gasa sai ya yi tashin gwauron zabo. Da aka auna shi a lokacin atisaye, inda wahalar jiki ɗaya ce amma babu alƙalai, bai yi irin wannan hawa ba. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, tsofaffin hannu da suka yi gasa ba adadi ba su tsira ba. Jikinsu bai saba ba. Sannan waɗanda suke rawa cikin babban rukuni, inda ido ke rarrabuwa, nasu bai kai na 'yan biyu biyu ba.

Ya kamata malamai su yi nazarin wannan sakamako da kyau, ko da ba rawa suke koyarwa ba. Akwai tsohon ra'ayi cewa idan ana yawan kunyata yaro a gaban 'yan'uwansa zai yi tauri. Abin da yawun 'yan rawan nan ya nuna shi ne, fuska tana iya koyon ɓoyewa alhali jiki yana nan yana amsawa kamar ranar farko.

Balaga da madubi

Shekarun horon nan sun faɗo daidai lokacin balaga, kuma a nan ne matsalar ta fi tsanani. A lokacin da yaro ke saurin tsawo, ƙashi yakan riga tsoka da jijiya miƙewa. Sai ɗalibin da bara yake ɗaga ƙafa har kunne ya tarar bana ta ƙi hawa. Juyin da yake yi sau uku ba tangarɗa, yanzu yana tangaɗi a na biyu, domin tsakiyar nauyin jikinsa ta sauya wuri. Wannan abu ne mai wucewa. Amma yaron da ba a yi masa bayani ba zai ɗauka baiwarsa ce ta gudu, kuma yana ganin haka da idonsa a madubi kullum.

Ga 'yan mata akwai ƙari. Balaga tana kawo faɗin ƙugu da ƙirji da ƙarin kitse, wanda halitta ce kuma alamar lafiya. Ita kuwa rawar bale, musamman tun daga tsakiyar ƙarni na 20, ta fifita siririn jiki mai dogayen gaɓoɓi. Wato jikin yarinya yana tafiya gabas, sana'ar da ta ba rayuwarta tana jan ta yamma. Sally Radell ta Jami'ar Emory a Amurka ta yi gwaje-gwaje inda aka koyar da wasu ɗalibai mata a ɗaki mai madubi, wasu a ɗaki marar madubi, kuma sakamakon ya nuna madubi na iya rage wa ɗaliba gamsuwa da surar jikinta.

A 2014 Jon Arcelus da abokan aikinsa a Ingila suka tattara binciken da aka yi a ƙasashe daban daban game da cututtukan cin abinci tsakanin 'yan rawa. Suka sami kashi 12 cikin 100 na 'yan rawa gaba ɗaya suna da ɗaya daga cikin waɗannan cututtuka, a tsakanin 'yan bale kuwa kashi 16.4 cikin 100. Haɗarin da ke kansu ya ninka na sauran jama'a kusan sau uku. Mafi muni a ciki ita ce anoreksiya, inda mutum ke hana kansa abinci saboda tsananin tsoron ƙiba, yana ganin kansa mai jiki alhali ya rame. Tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa. Wanda ya tashi inda rama ke nufin rashi ko ciwo zai ga abin kamar almara, amma ciwo ne na gaske, kuma faɗa ko lallashi kaɗai ba sa warkar da shi.

Ko ba a kai ga wannan mataki ba, ƙarancin abinci yana da nasa sakamako. Jiki kamar gida ne mai ƙaramin kuɗin cefane: idan abin da ke shigowa bai kai abin da ake kashewa ba, sai a fara soke wasu buƙatu. Haifotalamus yakan rage saƙon da yake aikawa ga gaɓoɓin haihuwa, sinadarin estirojin ya ragu, haila ta yi jinkirin farawa ko ta ɗauke. Likita Michelle Warren ta birnin New York ta bi diddigin wasu 'yan mata masu koyon bale, ta wallafa a 1980 cewa matsakaicin shekarun fara hailarsu 15.4 ne, alhali na takwarorinsu 12.5. Estirojin kuwa yana cikin masu gina ƙashi, kuma babban kaso na ƙarfin ƙashin mutum a shekarun samartaka ake tara shi. Yarinyar da ta rasa wannan dama tana iya fama da tsagewar ƙashin ƙafa tun tana makaranta, da raunin ƙashi bayan ta girma. A 2014 Kwamitin Wasannin Olamfik na Duniya ya faɗaɗa bayanin wannan matsala, ya nuna cewa maza ma tana kama su, kuma tana taɓa zuciya da garkuwar jiki da yanayin rai.

Batun yanayin rai ba sabo ba ne ga kimiyya. Tsakanin 1944 da 1945 Ancel Keys na Jami'ar Minnesota ya rage wa wasu lafiyayyun samari 36 abinci har wata shida, da yardarsu. Suka zama masu saurin fushi, masu baƙin ciki, masu gudun mutane, ba su da zance sai na abinci. Yunwa kaɗai ta isa ta haifar da alamomin da suka yi kama da ciwon damuwa.

Rauni da shiru

Wani bincike da ƙungiyar Dance UK ta wallafa a 2005 ya nuna kashi 80 cikin 100 na 'yan rawan da aka tambaya sun ji rauni a cikin shekara guda. Yawancin raunin ba na faɗuwa ba ne, na maimaita motsi ɗaya ne har tsoka ko ƙashi su gaji. Alaƙar rauni da matsin rai kuwa tana tafiya ta ɓangarori biyu. Tun 1988 Mark Andersen da Jean Williams suka bayyana cewa ɗan wasan da ke cikin matsi tsokarsa takan ɗaure, hankalinsa ya rabu, ganinsa na gefe ya ragu, don haka ya fi saurin yin kuskuren da zai kai shi ga targaɗe. Bayan an ji raunin kuma, matsi yana jinkirta warkewa. A 1998 masana a Jami'ar Jihar Ohio suka yi wa wasu ɗaliban likitan haƙori ɗan ƙaramin rauni a ganda sau biyu, ɗaya lokacin hutu, ɗaya gab da jarrabawa. Na lokacin jarrabawa ya ɗauki ƙarin kusan kashi 40 cikin 100 na lokaci kafin ya warke.

To, yaron da ya san ana iya sallamarsa, kuma ya ga wani yana jiran gurbinsa, me zai yi idan ƙafarsa ta fara ciwo? Ɓoyewa zai yi. Ya ci gaba da taka ta har ƙaramin ciwo ya zama babba. Idan kuma dole ta sa ya zauna, sai wata damuwar ta taso, domin tun yana ɗan shekara 10 bai san kansa da wani suna ba sai ɗan rawa. Abokansa 'yan rawa ne, kuma su ne abokan takararsa. Iyayensa suna nesa, wataƙila sun kashe abin da suke da shi a kansa, ba ya son ya ba su kunya.

Akwai kuma halin neman kamala. Masana sun bambanta iri biyu. Akwai mai kafa wa kansa babban buri yana jin daɗin ƙoƙarin cim masa. Wannan ba laifi. Akwai kuma wanda kowane kuskure yake ɗauka shaida ce cewa shi ba kome ba ne. Na biyun ne bincike ya danganta da fargaba da ciwon damuwa da ƙosawa da sana'ar baki ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan matsaloli suna farawa ne kafin shekara 14 ko daidai lokacin. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai taka wa motsin rai birki, ba ya gama nuna sai mutum ya wuce shekara 20. Ke nan ana ɗora kaya mafi nauyi a lokacin da ginin bai gama bushewa ba.

Abin da ya fito fili

An daɗe ana raɗe-raɗin waɗannan abubuwa kafin su fito sarari. A watan Disamba na 2019 wani kwamitin bincike a ƙasar Austiriya ya ba da rahoto a kan makarantar rawa ta gidan Opera na Biyana, inda ya ce an shawarci wasu yara su sha taba domin kada su yi ƙiba, kuma ba a kula da lafiyarsu yadda ya kamata. A watan Satumba na 2023 shirin Panorama na BBC ya ji ta bakin tsofaffin ɗalibai fiye da 50 na Royal Ballet School da Elmhurst, waɗanda suka ce an riƙa muzanta su saboda jikinsu, wasu har suka kamu da cutar cin abinci. Makarantun biyu sun yi jayayya da bayanan, suka ce lafiyar ɗalibai ita ce a gaba a wurinsu.

Ba daidai ba ne a fahimci cewa rawa ita ce cutar. Motsa jiki tare da kiɗa cikin jama'a yana cikin abubuwan da ke sauƙaƙa damuwa, kuma ɗalibai da yawa sun fito daga waɗannan makarantu lafiya lau suna yaba malamansu. Tambayar ita ce me ya bambanta wanda ya fito lafiya da wanda ya karye. Eleanor Quested da Joan Duda na Jami'ar Bamingham sun bi ɗaliban makarantun rawa na Ingila tsawon shekarar karatu guda, suka wallafa sakamakon a 2011. Sun dogara ne da ra'ayin da ke cewa kowane mutum yana da buƙatu uku na rai: ya ji yana da ta cewa a kan abin da yake yi, ya ji yana iyawa, ya ji yana da mutane. Ɗaliban da suka ga malamansu sun rage ba su dama da zaɓi, buƙatun nan suka ragu a wurinsu, alamun ƙosawa da gajiyar rai kuma suka ƙaru kafin ƙarshen shekara. Tsananin horo bai zama dole ya ragu ba. Yadda malami ke magana, da ko yana bayyana dalilin gyaran da ya yi, da ko yana auna yaro da jiyansa maimakon da na kusa da shi, su ne suka yi tasiri.

A kan wannan ilimi ne gyare-gyaren da ake yi suka ginu. An kafa ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta likitanci da kimiyyar rawa a 1990, sannan a 2012 Ingila ta buɗe cibiyarta ta ƙasa, mai asibitocin da ɗan rawa zai je a duba shi. Manyan makarantu yanzu suna ɗaukar masana abinci da masu gasa jiki da masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Ana koya wa malamai su bar zancen nauyin jiki ga likita, su sassauta tsalle ga yaron da ke cikin saurin tsawo, su kuma ɗauki ɗaukewar haila a matsayin alamar da ke buƙatar a ga likita, maimakon abin da aka saba gani ga 'yar rawa. Wasu malaman sukan ja labule su rufe madubi a wani sashe na darasi. Barci ma an shigar da shi lissafi: likitocin barci na Amurka sun ba da shawarar sa'a 8 zuwa 10 a kowane dare ga masu shekara 13 zuwa 18, kuma a lokacin barci mai nauyi ne jiki ke sakin mafi yawan sinadarin girma da ke gyara tsokar da ta wahala da rana.

Alamomin da ake koya wa masu kula da ɗakunan kwana su lura da su ba su da wuyar ganewa: yaro ya fara kauce wa ɗakin cin abinci ko ya riƙa tsakurar abinci yana juya shi a faranti, ya rame, ya riƙa jin sanyi ko jiri, barci ya ƙaurace masa, ya janye daga abokai, ko ƙaramin gyara ya sa shi kuka. Umarnin da ake ba su shi ne su kira shi gefe inda babu idon kowa, su tambaye shi ba tare da zargi ba, sannan su sada shi da likita ko mai ba da shawara tun abin bai yi nisa ba.